Hatimi a Rigar Gwanjo

A unguwarsu cikin Illela, in aka ce Baraka mai gwanjo, abu biyu mutane ke tunawa: kayanta masu kyau ne, kuma ba ta yarda da kowa ba. Ka gaishe ta da fara'a, ta bi ka da kallo ta ga me kake nema. Ka wuce ba ka gaishe ta ba, to dama ta san akwai wata a ƙasa. Ba ta barin gashin da ta taje a tsakar gida, ba ta cin abincin gidan biki, ruwa ma da goranta take yawo.

'Yar garin Garu ce. Tana ƙarama aka tono ƙahon rago a bakin ƙofar mahaifinta, an cusa masa takarda da allurai, a shekarar da geronsu ya ƙi. Ba a taɓa gano wanda ya binne shi ba, don haka a wurin Baraka kowa ma zai iya. Aure ya kawo ta Illela. Da mijin ya rasu ya bar ta da yara, sai ta kama gwanjo, tana sayo dila daga Konni, ta kwance, ta wanke, ta goge, ranar Lahadi ta baza a kasuwa. Babu rigar da za ta sayar ba ta lalube aljihunta ba, wai kada ta miƙa wa wani abin da ba ta sani ba.

Mutum ɗaya ce tak ta tsallake wannan zargi, Zuwaira ta Birnin Konni. Tun suna amare suka ƙulla ƙawance, da goro da komai. Biki bai taɓa tashi a gidan ɗaya ba sai ɗayar ta haye kabu-kabu ta ƙetare iyaka da ƙunshinta. Dambun Zuwaira kaɗai Baraka ke ci ba ta shinshina ba. 'Ya'yanta har tsokanarta suke yi, wai in Zuwaira ta miƙo mata guba za ta ce a ƙaro yaji.

Da babban ɗan Baraka ya samu ɗa namiji, Zuwaira ta zo suna da turmin atamfa da wata 'yar rigar sanyi shuɗiya mai hula. Gwanjo ce, amma irin ta farkon dila, wadda ba za ka ce an taɓa sawa ba. Yaron ya fara zama aka fara sa masa ita. Ba a jima ba zazzaɓi ya kama shi, jiki kamar garwashi.

Baraka ce ta karɓi wankin kayansa. Tana cuɗa rigar sai ta ji wani abu mai ɗan tauri a cikin farin ƙyallen nan da ake ɗinkawa a gefen riga ta ciki. Ta ɗauko reza ta farke. Wata 'yar leda ce siririya kamar bawon albasa. Ta ɗaga ta sama ga rana. Zane ne na azurfa, layi cikin layi, yana kewayawa gida-gida, a tsakiya ga ɗigo baƙi. Baraka ta sha ganin hatimi a allon malamai, ta kuma ga wanda ke jikin takardar da aka ciro daga ƙahon ƙofar babanta. Wannan dai hatimi ne, an kuma ɓoye shi inda ba mai dubawa, a rigar da Zuwaira ta kawo da hannunta.

Ta ƙulle abin a bakin zanenta. Ba ta kai wa malam ba, don malam zai tambayi wanda ya ba da rigar, ita kuwa bakinta ba zai iya furta sunan ba. An kai yaro asibiti, aka ce cizon sauro ne, aka ba shi magani ya warware. Baraka ta ce a ranta, ai dole ya warware, tunda an cire.

Daga ƙarshe ƙanenta Bashar ta nufa, mai gyaran waya a bakin tasha. Ta jira rumfar ta yi sarari, sannan ta kwance ƙullin.

"Duba min wanga, amma kak ka taɓa da hannu."

Bashar ya sa gilashinsa na aiki, ya duba, ya yi dariya. "Yaya, wanga ai ba hatimi ba na. Lamba ta ta kanti. Wanga zane da kika gani eriya ta, irin ta rediyo, an dai shimfiɗe ta. Ɗigon nan shi ka riƙe lambar riga. Manyan kantunan waje suna da na'ura, in ta aiko da kira, eriyar ta kama, sai ɗigon shi farka shi faɗi lambarshi. Da haka suka sanin kayan da ag gare su, da wanda anka fita da shi ba a biya ba."

"Ina batir ɗinshi?"

"Ba shi da batir. Ƙarfin kiran shi ka tashe shi."

Baraka ta gyara zama. "To tsaya. Abu ba shi ci, ba shi sha, shina kwance cikin riga, sai an kira sunanshi daga nesa shi amsa. Bashar, kai da karatunka, mi aka ce ma wanga in ba asiri ba?"

"Yaya, koma gida ki farke na cikin dilarki ki gani."

"Kayana tsarkaka na. Kowace riga sai na lalube ta."

"Aljihu kika lalubewa."

Ta ƙulle abinta ta tashi. Ba ta farke ko ɗaya ba. Gaskiyar magana tsoro take ji kada ta duba ba ta samu ba, shi ke nan zargin Zuwaira ya tabbata.

Zuwaira ba ta san ana yi ba. Ranar kasuwar Konni ta ba wani ɗan kabu-kabu kwanon dambun zogale ya kawo, kamar yadda ta saba. Baraka ta karɓa, ta yi godiya, ta zaga bayan ɗaki ta juye wa awaki, ta tsaya tana kallonsu ta ga wadda za ta fara faɗuwa. Ba wadda ta faɗi. Mako ya zagayo, wani kwanon ya zo, awaki suka sake samu. Har suka gane ƙarar babur ɗin, da ya tsaya sai su hau kuka. Baraka kuwa ramewa take yi. Ta rasa wadda za ta kai wa ƙarar, don duk abin da ya taɓa damunta a duniya Zuwaira take kai wa.

Wata Lahadi bayan an tashi kasuwa sai ga Zuwaira da kanta. Baraka ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, gaisuwa ta ƙi yin tsawo.

"Ƙawa, lahiya? Kin bar kirana, in na kira ki ce kina aiki."

Baraka ta kwance bakin zane ta ajiye ledar a tsakaninsu. "Cikin rigar da kinka kawo ma jikana na ishe shi."

Zuwaira ta daɗe tana kallon abin. Ba ta yi salati ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta jawo jakarta, ta zuge wani ƙaramin aljihu, ta fito da ƙullin tsumma. Da ta kwance, sai ga irinsa sak, sai dai ya yi jaja-jaja don daɗewa. Ta ajiye shi kusa da na Baraka.

"Kin tuna rigar sanyin da kinka ba Malam, shekarar da ciwo ya kama shi?" Mijin Zuwaira ke nan, wanda ya rasu shekarun baya. "Da za mu ba da kayanshi sadaka, ni na wanke ta. Nan na ishe wanga."

Baraka ta tuna rigar sarai, ita ta zaɓo ta daga dila, ta lalube aljihunta biyu.

"Mi ya hana ki tambaye ni?"

"In tambaye ki mi? Ranar addu'ar bakwai kin zo da tuwo. Na dube shi, na dube ki. Na ce in dai Baraka na son raina, to ta ɗauka, ban da wani amfani da shi. Na cinye sarai." Ta ɗaure jakarta. "Har yau ban san ko mi na na wanga abu ba. Na dai san ke."

Ta miƙe. A bakin ƙofa ta waiwaya wajen turke. "Awakinki sun yi kyau, ƙawa. Mai babur ya ce min sun san shi."

Ruwan da aka kawo mata yana nan yadda aka ajiye shi.

Baraka ta jawo ragowar dilar, ta zauna da reza. Riga ta farko babu. Ta biyu babu, har tsoron nan ya fara dawo mata. Sai ga shi a wandon yara, ga shi a rigar ƙwallo, ga wani a jaket. Kafin isha'i ta tara su a murfin kwano, hatimi kan hatimi, duk daga kayan da ta yi shekaru tana sayar wa mutane da hannunta. Kunya ta rufe ta, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

Ranar Laraba ta hau kabu-kabu ba ta karya ba, goran ruwan ma ta bar shi a gida. Ta sami Zuwaira a tsakar gida tana gyaran zogale. Ba wadda ta ta da maganar. Da dambu ya nuna, Zuwaira ta zubo a kwano ta ajiye a gabanta, ta koma gefe ta zauna.

"Ki ci, ko in aro akuyar maƙwabta ta ɗanɗana miki?"

Baraka ta sa hannu. Yaji ya yi yawa, gishiri bai ji ba, hawaye na zuba cikin kwanon. Ta cinye tas, ta miƙa a ƙaro.