'Yar Aikin da Ta Auri Ɗan Masu Gida

Odilia Whitcomb ta haura shekara saba'in da bakwai, kuma tun da ta koma garin Taunton wajen 'yarta Celeste ba ta taɓa fashin zaman masu karatu a laburaren garin ba. Su mata tara ne, duk sun ajiye aiki. Kowane wata sukan zaɓi littafi guda su karanta, ranar Alhamis ɗin farko su taru bayan cin abincin rana, su sha shayi su tsefe shi. Odilia ba mai yawan magana ba ce a wurin. Takan zo da burodi mai zaƙi irin na mutanensu 'yan asalin Fotugal, ta yanka wa kowa, ta zauna tana sauraro.

Shugabar zaman ita ce Marjorie Pell, matar wani lauya da ya rasu. Ranar da Odilia ta fara zuwa ta faɗi sunanta, Marjorie ta zare tabarau ta ce, "Whitcomb na Fall River? Masu masaƙa?" Odilia ta ce, "Gidan su mijina ne," ba ta ƙara komai ba. Tun daga ranar Marjorie ke ajiye mata kujera a gefenta.

Littafin watan Maris wani sabon labarin soyayya ne da aka gina a Ingila ta shekara ɗari biyu da suka wuce. Ɗan wani basarake ne ya kamu da son 'yar aikin kicin ɗinsu. Uwarsa ta kori yarinyar, ya bi ta cikin ruwan sama ya dawo da ita, a babin ƙarshe uwar ta rungume ta tana kuka, ta cire sarƙar gado daga wuyanta ta ɗaura mata. Odilia ta karanta irin waɗannan littattafai sun fi a ƙirga, kuma tana son su. Amma wannan da ta kai ƙarshensa sai ta yi jifa da shi kan kujera, har kyanwar gidan ta zabura ta shige ƙarƙashin tebur.

Ranar zama, Lorraine, tsohuwar malamar firamare, ita ta fara.

"Ni dai na sha kuka, wallahi. Wurin sarƙar nan! Kun ga ai so ba ruwansa da gidan da aka haife ka. In an yi haƙuri, kowace uwa za ta sauko."

Marjorie ta yi dariya. "Haba Lorraine, ke da girmanki. Tatsuniya ce fa. Yarinya ta ga gida, ta ga cokulan azurfa, ta ɗana tarko, shi kuma sakarai ya faɗa. Irin wannan aure ko an ɗaura ba ya shekara. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe." Ta juyo tana murmushi. "Ga Odilia nan, ita ta san manyan gidaje. Don Allah faɗa musu, a gidanku an taɓa jin 'yar wanke-wanke ta zama matar gida?"

Odilia ta ajiye wuƙar yankan burodi.

"An taɓa," ta ce. "Ni ce."

Sunanta na gida Odilia Furtado. Ubanta ya yi aikin rini a masaƙa har tururin sinadari ya ci masa ƙirji, ya rasu tana da shekara goma sha shida. A makon da aka binne shi ta bar makaranta, wata maƙwabciya ta kai ta gidan Whitcomb da ke kan tudu. Wanki, guga, goge azurfa, kai abinci. Uwar gidan ta ji sunanta sau ɗaya ta ce ya yi mata wuyar faɗa, daga yau sunanta Dolly. Ta ƙofar baya take shiga, ta matakalar baya take hawa, a tsaye take cin abinci.

Alden shi ne ɗa na biyu a gidan. Ba kyakkyawa ba ne kamar na cikin littafi. Dogo ne mai manyan kunnuwa, yana in'ina idan ransa ya ɓaci, kuma ba abin da yake so kamar kwance inji ya mayar. Kullum suna saɓani da ubansa a kan tebur, saboda haka ya koma cin abinci a kicin. A nan ya tambaye ta sunanta na gaskiya, ya yi ta maimaitawa har ya iya. Shekara biyu suna hira a kan teburin yankan albasa kafin ya ce yana son ta, kuma da ya faɗa ɗin tsoro ta ji, don ta san wanda za a kora.

Haka kuwa aka yi. Ya gaya wa iyayensa da safe, kafin tsakar rana tana bakin titi da akwatinta, ba ko takardar shaidar aiki. Ta je gida tana zaton za ta sami lallashi, uwarta ta share ta da mari, ta ce ta tona musu asiri, yanzu duk unguwa za a ce an kore ta ne don ta lalace. Matan coci suka daina amsa gaisuwarta. Fada, limamin cocinsu, ya ƙi ɗaura auren don Alden ba ɗan ɗariƙarsu ba ne. A ofishin gwamnati aka ɗaura a shekarar 1967, shaidu biyu, ɗaya ma direban tasi ne da ya kawo su.

Ubansa ya cire shi daga kamfani. Suka koma New Bedford, ɗaki biyu a saman wani shagon kifi, ya sami aikin gyaran injinan jiragen masunta. Mutumin da bai taɓa wanke kofi ba. Yakan cire riga ya yar a ƙasa ya wuce, don duk rayuwarsa wani ke ɗauka, kuma shekara huɗu ita ce wannan wanin. Wata rana suna faɗa, ya ce mata ta dubi abin da ya bari saboda ita. Ta haɗa kayanta ta tafi gidan uwar da ta mare ta, ta yi kwana tara. Ya zo ya zauna a kan matakala, in'ina ta hana shi magana. Bai sake faɗin wannan kalma ba har ya bar duniya, kuma ya koyi ɗaukar rigarsa.

Surukarta kuwa ba ta taɓa saukowa ba. Da aka haifi Celeste ba ta zo ba. Da uban Alden ya rasu a 1981 suka je zaman makoki, karo na farko da Odilia ta shiga gidan ta ƙofar gaba. Falo cike da baƙi, tsohuwar ta dube ta, ta miƙa mata faranti cike da kofunan da aka sha, ta ce, "Dolly, kai wannan kicin." Abin da ya fi ci wa Odilia rai har yau shi ne hannunta ya karɓa kafin hankalinta ya dawo. Alden ya zo ya zare farantin daga hannunta, ya ɗora a kan akwatin piyano, ya kama hannun matarsa suka fita. Tsohuwar ta kai shekara casa'in da huɗu, kuma Dolly ta ci gaba da cewa har ta mutu. Alden ya rasu saura wata uku aurensu ya cika shekara hamsin.

Duk wannan Odilia ta faɗa musu, a tsaye, shayinta na hucewa. Sai ta fuskanci Marjorie.

"Tarko, ko? Zo ki ga abin da na kama. Ɗaki biyu da warin kifi, da miji mai baƙin mai a farce. Ba ya shekara? Lissafa mini shekarun naki auren mu gwada."

Marjorie ta yi jajir. "Odilia, ai ban sani ba..."

"Da kin sani da ba ki faɗa a gabana ba, shi ke nan. Da sai bayan na fita za ki faɗa."

Lorraine ta share hawaye ta ce, "To kun gani! Ashe littafin gaskiya ne."

Nan Odilia ta ƙara hasala.

"Gaskiyar me, baiwar Allah? Ke ma ba ki ji ni ba. Yarinyar nan tana kankare tukwane tun asuba, amma an ce hannunta kamar auduga. An kore ta, ba wanda ya tambayi inda ta kwana, ko me uwarta ta ce. Ba ta da dangi, ba ta da unguwa, kamar daga sama ta faɗo don a so ta. Sannan a ƙarshe sai ga shi ashe ubanta wani babban soja ne da ya ɓata! Wato da 'yar marini ce kamar ni, ba ta cancanta ba ke nan. Kuma an rufe littafi ranar biki. Ranar biki ai ba a fara komai ba."

Wata daga can ƙarshe ta ce a hankali, "Ai don nishaɗi ake karantawa."

"Na sani. Ni ma don shi nake karantawa. A ba ni ɗan fashin teku, a ba ni gimbiya, ba zan ce uffan ba. Amma in za a shiga kicin, a tambayi wanda ya tsaya a ciki."

Ta naɗe sauran burodinta ta fita.

A bakin ƙofar laburaren akwai allo inda masu karatu ke liƙa ra'ayinsu a ɗan kati, layi biyar da taurari. Odilia ta ba littafin tauraro biyu cikin biyar, ɗaya don bayanin dawakai ya yi mata, ɗaya don mai dafa abincin da ke cikin labarin ta yi kama da mutum. Kati bai ishe ta ba, ta rubuta shafi huɗu da hannu ta liƙa da ƙusoshi. Mai kula da laburare ta ce ya rufe na mutane, a rage. Odilia ta ce ba ta rage ko waƙafi. A ƙarshe Celeste ta buga shi ta sa a shafin intanet inda ake rubuta ra'ayi kan littattafai.

Nan ma aka rabu biyu. Wasu suka ce tsohuwa ta zo ta ɓata musu jin daɗi, in ba ta so ta karanta tarihi. Wani ya ce ƙarya ce, ƙirƙira ta yi. Wasu kuma suka fara ba da labarin kakanninsu da suka yi aikatau. Celeste na karanta mata, ita kuwa tana amsa wa kowa da baki kamar suna cikin falon.

Bayan mako uku marubuciyar littafin da kanta ta aiko da saƙo tana neman su yi magana. Odilia ta sa rigar coci ta zauna gaban waya. Matar ta yi ladabi, ta ce rubutun ya taɓa mata zuciya, tana son ta gina littafinta na gaba a kan rayuwarsu da Alden.

"Za ki sa farantin?" in ji Odilia.

"Dole! Wurin nan ai zinariya ne."

"Za ki sa kwana tarana a gidanmu?"

"Zan sa, amma a taƙaice. Sai dai kin san masu karatu suna son sulhu. Ina tunanin a gadon mutuwa surukar taki ta kira ki da sunanki na gaskiya, sau ɗaya tak."

Odilia ta matso kusa da wayar.

"'Yata, ni na je asibitin da ta kwanta. Na kai mata miya da hannuna, don Alden ya roƙe ni. Ta dubi ma'aikaciyar jinya ta ce, 'yar aikinmu ce ta dā. Ke kuma za ki wanke ta da alƙalami, don wasu su ji daɗin barci? Ki nemi wata tsohuwar."

Ta kashe wayar. Celeste ta ce, "Mama, da kin bari ai sunan Baba ya shiga littafi."

"Ubanki ya tsani a yi maganarsa. Miƙo mini takalmina na gida."

A zaman watan Afrilu mata uku ba su zo ba, an ce sun ji kunya, wasu sun ce haushi suka ji. Marjorie ta tare ta a bakin ƙofa ta fara wani dogon bayani, wai an yi mata mummunar fahimta, ita ai kakarta ma ta taɓa koyar da 'ya'yan talakawa ɗinki. Odilia ta saurare ta har ta gama, ta ce, "Allah ya ba ta lada," ta wuce ciki. Da aka zo zaɓen littafin wata mai zuwa, Lorraine ta kawo shawarar a ɗan huta da soyayya, a karanta wani abu kan tsuntsaye. Odilia ta ce sam, ba a fasa ba, a kawo wani labarin soyayyar, kuma wannan karon ita za ta fara magana.