Baba Gidaɗo da But Ɗin da Ya Riƙe Likkafani

Shekara talatin da bakwai, in ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, kullum Baba Gidaɗo sai ya biyo bakin kanal ɗin ban ruwa a kan kekensa, daga ƙauyensu na wajen Bunkure zuwa Kura. Kafin masu tumatir su gama lodi ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin darbejiyar bakin tasha, ya jera magagari da filaya da sukundireba, ya rataye damin makullai a ƙusa. Kwaɗon da ya cije, ƙofar motar da ta ƙi buɗuwa, makullin da ya karye a ciki, duk wurinsa ake kawowa. Direbobi sun shaide shi da abu guda: ba ya buɗe mota sai ya tabbatar mai ita ne a gabansa, ko da za a wuni ana roƙonsa. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don ido ya fara gazawa. Gara a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Wanda ya nace a rubuta nasa labarin shi ne Alhaji Zaharaddini, manomin shinkafa, ya kuma ce kada a sakaya sunansa.

Bara da rani injin ban ruwansa ya ɓace daga sito, kwaɗo kuwa lafiya lau, ba alamar an taɓa shi. Da yake Baba Gidaɗo ne ya yanka masa makullin, sai Zaharaddini ya taho tasha ranar kasuwa, ya tsaya a kansa, ya kira shi abokin ɓarayi a gaban jama'a. Tsohon bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai, “Allah ya bayyana gaskiya, Alhaji.” Bayan kwana huɗu aka gano ƙanin Zaharaddini ne ya ɗauki injin ya kai gonarsa bai faɗa ba. Zaharaddini ya yi niyyar zuwa ba da haƙuri, ya ce gobe, goben ta zama mako, har ya koma zagayawa ta bayan tasha don kada su haɗu. Watanni ana ƙaurace wa gindin darbejiya. Mu da muka san gaskiya ma bakinmu muka kama, kuma wannan abin kunyarmu ne.

Ana nan sai Allah ya yi wa mahaifiyar Zaharaddini, Iyatu, rasuwa wata Talata da safe. Ta bar wasiyya a sa ta cikin likkafanin da ta wanko da zamzam a Makka, wanda ke ajiye a gidan 'yarta Kubra a Madobi. Zaharaddini ya ɗauko shi da kansa, ya sa a but ɗin tsohuwar motarsa. An gama wanka, an idar da azahar, mutane sun cika ƙofar gida. Ya zura makulli, makulli ya juya sakayau, but bai motsa ba. Ya sake, ya danna, ya doka da hannu. Wani ya kawo diga ya ɗana, ƙarfen ya lotsa kawai. Kubra ta aiko sau biyu daga cikin gida tana cewa zafi ya yi yawa, ba a barin gawa haka. Liman ya ba da shawara a nemo wani yadin, Zaharaddini ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige: abu ɗaya tak da uwarsa ta roƙa, ga shi a gabansa, ya kasa ba ta.

Sai ya ga wani ya miƙe daga tabarmar ƙarshe. Baba Gidaɗo ne. Jana'iza ya zo, ba wanda ya kira shi, ba kuma wanda ya iya kallonsa ya ce taimaka.

Ya kara kunne a jikin but ya juya makullin, ya ce siririn ƙarfen da ke haɗa makulli da sakata ne ya zame, duka ba zai buɗe shi ba. Ya ari sifana ya kwance kujerar baya. A jikin ƙarfen da ke bayanta akwai 'yar kafa wadda hannu ba ya shiga. Ya yanko waya a shingen lambu, ya miƙar da ita, ya lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya. Tsoho mai shekara saba'in da farar rigarsa ya kwanta rub da ciki a motar da ta wuni a rana, yana laluben abin da ba ya gani. Zaharaddini na tsaye riƙe da ƙofa, yana kallon gumi na ɗiga daga gemun mutumin da ya tozarta. Can sai aka ji ƙas, but ya ɗaga.

Bai taɓa likkafanin ba. Ya matsa gefe yana karkaɗe riga, ya ce, “Ɗauko wa Iya kayanta, Alhaji.” Da aka dawo daga maƙabarta ya ɗaure ƙarfen a mazauninsa, ya mayar da kujera, ya tafi ba a ankara ba.

Ranar kasuwa ta gaba Zaharaddini ya je ya durƙusa daidai inda ya tsaya bara, ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa ƙarya ya yi wa wannan bawan Allah. Baba Gidaɗo ya kamo hannunsa ya ce, “Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na yafe tun kafin a ga injin. Tashi, mutane na kallo.” Zaharaddini ya ce har yau wannan yafiyar ta fi masa zagi nauyi.

Kai ne, Baba, wanda aka ba amanar ƙofofin gari bai taɓa leƙa ɗaya ba. Kai ne ka taka zuwa jana'izar uwar wanda ya ɓata maka suna, ka zauna a baya. Mun gode, kuma mun makara da godiyar. Allah ya haskaka maka ido, ya sa ka gama lafiya.

Masu sana'a su ɗauki riƙon amanarsa. Sauranmu kuwa, duk wanda ya san akwai wani da ya zalunta da baki, ya tashi yau ya je ya same shi, kada ya jira sai ranar da zai buƙaci hannunsa.