Kwalbar Falalu da Taron 'Yan Awon Ruwa

Yanzu in an ce taron 'yan awon ruwan sama na ƙasar Kazaure, sai ku ga motoci da manyan riguna da lemon kwalba, ku zaci gwamnati ce ta wayi gari da hikima. Ina! Taurin kan mutum ɗaya ne ya haife shi, wani siririn bawan Allah mai suna Falalu, wanda in iska ta taso da ƙarfi sai an riƙe masa riga.

Falalu ɗan wani ƙauye ne tsakanin Roni da Kazaure, yamma da wani babban tafki. Shekarar da aka sami mulkin kai En'e, wato hukumar sarki, ta ɗauke shi aiki, don ya taɓa elementare, hannunsa kuma da kyau. Aikin kuwa, kada ku yi dariya. An kafa masa gwangwanin tagulla a fili, da mazurari a kai. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai juye abin da sama ta zubar cikin wata kwalba mai zane, ya duba inci nawa, ya rubuta a kati. Ƙarshen wata a kai katin ofishin gona a Kazaure. Matarsa Lailatu takan ce, "Mazan mutane na noma da ruwa, nawa ƙirga shi yake yi."

Su huɗu ke wannan aiki: shi, da Maikasuwa na Babura, da wani a Gwiwa, da wani a cikin Kazaure. To, ukun nan suna da wata al'ada. Sun lura ofis ba ya son katin da ya bambanta da 'yan'uwansa, tambaya yake jawowa. Don haka ranar kai kati sai su fara yada zango a rumfar mai fura, su baje katunan, su daidaita. Wanda ya manta bai duba ba ya kwafa, wanda ya duba ya rage ko ya ƙara. Maikasuwa ma, da sunansa ya bi shi, rabin damina yana ƙetaren iyaka yana cinikin hatsi da sefa. Gwangwaninsa ƙadangaru ne suka tare a ciki.

Falalu zai sha furarsu, amma katinsa na aljihu.

"Kawo mu gani mana, Liman," in ji Maikasuwa, don haka yake tsokanarsa.

"Ruwanku daban, nawa daban. Ba uwa ɗaya ta haifi gajimarenmu ba."

Abin haushi, lambarsa kullum ta fi tasu. Shi kuma yana da dalilinsa, wanda ya faɗa wa duk mai kunne har da marasa shi. Hadari daga gabas yake tasowa. Kafin ya iso ƙauyensu sai ya ratsa kan tafki, ya sha ya ƙoshi, sannan ya zo ya sauke a kansu, wani lokaci har da ƙanƙara. In ƙanƙarar ta cika mazurari, ba ya zubarwa. Zai tsuguna ya jira ta narke, ya auna. Shekara goma sha yana haka, ana ce masa mijin tafki.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Aka kawo katafila aka yi wa tafkin madatsa, ya ninka kansa uku. Lambar Falalu ta ƙara tashi, a shekarun da ko'ina ake kukan fari. Aka kuma kawo sabon babban malamin gona daga Kano, Malam Bunu, yaro mai gilashi da ya yi karatu a ƙasar Turawa, ya dawo da hanci a sama. Damina biyu yana sa hannu a katunan yana harara. A ta uku ya aika wa Falalu: ko ya gyara katin watan Yuni ya yi daidai da na saura, ko ya zo ya karɓi takardar sallama a gaban kowa, bisa laifin ƙirƙirar lamba.

Aikin bai dami Falalu kamar kalmar ba. A ƙauyensu shi ake kira shaidar iyakar gona, don an san bai iya ƙarya ba. In ofis ya buga masa hatimin maƙaryaci, da wane ido zai dubi sahun masallaci?

Da safen tafiya Lailatu ta tare shi a ƙofar ɗaki. "Malam, ka rage inci biyu mana. Wa zai mutu?"

"Ruwan Allah ne, Lailatu. Ba ni na zubo shi ba balle in rage."

"To, Allah ya raka taki gona. In sun kore ka, ka taho mini da kwalbar, in zuba man gyaɗa." Ta faɗi haka, amma rigar da ta miƙa masa bugaggiya ce, ta sallah.

A bakin ofis Maikasuwa ya ja shi gefe. "Liman, mu uku ne fa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

"Na ji. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne."

Malam Bunu ya jera katuna huɗu a kan tebur kamar mai tallan ƙosai. "Malam Falalu, dubi nan. Babura, Gwiwa, Kazaure, bakinsu ɗaya. Kai kaɗai sama ke wa gata? Ko buta kake juyewa a ciki?"

Falalu ya sunkuya, ya bi katunan da yatsa a hankali har ƙasa. Ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, ni karatuna elementare ne. Watan Yuni kwana nawa ne?"

"Talatin. Wannan ma tambaya ce?"

"To, alhamdu lillahi. Na zaci ni aka ɓoye wa rana ɗaya."

Ku gane, katin nan layi talatin da ɗaya gare shi ko wane wata. Mutanenmu kuwa da watan sama suke lissafi, na bature sai dole. Ranar da suka zauna daidaitawa, Maikasuwa ya ga layin ƙarshe fayau, ya ji kunyar barinsa, ya zuba masa rabin inci. Saura suka kwafa. Garuruwa uku sun sha ruwa ran talatin da ɗaya ga Yuni, ranar da Allah bai halitta ba. A ƙarƙashin kowane kuma ga sa hannun Malam Bunu, ɗoɗar.

Na Gwiwa ya shiga neman wani abu a cikin hularsa. Malam Bunu ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ranar dai tana nan. Ya kori uku? To, wa ya sa hannu? Takardar sallama ta koma aljihun tebur, ba a sake ganinta ba.

Amma yaro bai so ya faɗi warwas. "Duk da haka zancen tafkinka tatsuniya ce. A littafi, sai a ƙasashen sanyi ake haka, inda iska ke ratsa tafkuna kamar teku ta zubar da dusar ƙanƙara. Ba wannan kududdufin naka ba."

"Ranka ya daɗe, tafkina bai karanta littafin ba."

Nan Falalu ya kawo sharaɗinsa, shi da aka kira a kora. Kowa ya koma ya auna nasa tsakani da Allah. A kafa ƙarin gwangwani gabas da tafki. In an yi girbi a haɗu a nan, a baje katuna a fili, a yi gardama da rana tsaka, ba a rumfar mai fura ba. Taron farko ke nan: mutum biyar, tabarma biyu, da ƙwaryar fura da Maikasuwa ya saya don kunya.

Shekara ta zago aka sake, aka kuma sakewa. 'Yan Daura suka ji suka zo, na Ɗambatta ma. Da kuɗi suka yi kuɗi aka mai da taron otal, aka buga jaka mai tambari. Wata shekara har wani masani ya zo daga Legas ya haska musu hoton garin Turawa da dusar ƙanƙara ta binne a gefen tafki. Falalu, da aka ajiye can baya kusa da ƙofa, ya ɗaga murya: "Allah sarki! Ashe su ma suna da irin nawa." Malam Bunu, wanda a lokacin ya yi tumbi ya hau babban tebur, ya yi kamar bai ji ba.

Gwangwanin yamma ya fi na gabas a yawancin shekaru, ba duka ba. Shekarun da bai fi ba, Falalu da hannunsa ya rubuta haka, yana tsaki. Kano ba ta taɓa aiko takarda ta ce yana da gaskiya ba, shi ma bai roƙa ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana awo, ba wanda ya ƙara tambayarsa buta. Da ya ajiye aiki suka ce ya mayar da kayan gwamnati. Ya ba su gwangwani da mazurari, ya ce kwalbar an riga an yi alkawarinta. Lailatu ta karɓa, ta ɗora a kan jere. Man gyaɗa dai bai taɓa shiga cikinta ba.