Ƙafar Saje a Kan Totur

Kaka ce, ruwa ya ɗauke, dawa ta sunkuyar da kai a gonaki tana jiran wuƙa. Amfani ya yi kyau a shekarar, amma ban ga wanda ya yi murna da ƙarfi ba. Shekara ce ta kasa kunne. In babur ya wuce da gudu sai hira ta tsaya, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Wasu masu gona ta wajen Dirin Daji sun bar wa tsuntsaye nasu. Mu da tamu take kan hanyar Mahuta, sammako muke yi mu dawo rana tsaka, ba ma yarda la'asar ta same mu a daji.

Maigidana tsohon soja ne. Duk unguwarmu ta Rikoto Saje ake ce masa, har ni na bi sahu tun yara suna ƙanana. Babban ɗanmu ma soja ne, shi ya saya wa ubansa mota da tsohuwar ta gaji. Ta hannu ce, amma ta zamani, mai canza giya da kanta. Tsohuwar tana da igiyar ƙarfe daga totur har inji, kana takawa tana amsawa. Wannan kuwa an ce ba igiya, waya ce ke kai saƙon ƙafa wurin ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta ga abin da ya dace ta yi. Saboda haka in ya taka, sai ta ɗan yi jim kafin ta ɗaga.

Saje bai taɓa yafe mata wannan jim ɗin ba.

"Wagga mota shawara take yi da danginta kafin ta tashi," in ji shi. "Ni na ba da oda, ita ta kira taro."

Ni kam ban ga laifinta ba. A cikin ɗan jinkirin nan nake gyara zama, in riƙe kwanon abinci da kyau. Amma ba ni ke tuƙi ba.

Da ɗanmu ya zo hutu ya ji ƙorafin, bai yi dariya ba kamar yadda muke yi. Ya ce, "Baba, da gaskiyarka. Yadda hanya ta zama yanzu, in ka hango abin da ba ka gane ba a gaba, mota mai tunani ba abokiyar tafiya ba ce." Ya yi ta latse-latsen waya, ya ce ya sa a aiko masa da wani abu daga birni. Abin bai iso tasha ba sai ranar da Saje ya bi motar haya zuwa Birnin Kebbi, kan wata hidima tasu ta tsofaffin sojoji. Ina sheƙar masara a tsakar gida na ga yaron ya durƙusa a ƙofar direba, kansa a ƙarƙashin sitiyari. Bai daɗe ba ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya zaga gari da ita ya dawo yana murmushi. Kafin ubansa ya komo aka kira shi bakin aiki. Yana saɓa jaka ya ce, "Mama, ki ce wa Baba na gyara masa totur."

Haka na faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Ranar Lahadi muka shiga za mu coci. Saje ya taka kamar kullum, sai motar ta zabura. Ƙeyata ta bugi kujera, littafin waƙoƙina ya faɗi ƙasa. Ya yi dariya, ya ce yau dangi ba su zo taro ba. Amma da muka hau titi dariyar ta ƙare. Motar ba ta tafiya sumul. Ta fizga, ta saki, ta fizga, kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Na saci kallonsa, na ga ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, shi da yake tuƙi da hannu ɗaya yana gaisawa da mutane da ɗayan.

Ranar kasuwa kuma, a cunkoson bakin tasha, ya so ya matsa kaɗan sai ta yi tsalle. Saura ƙiris ta hau wata mai tuyar ƙosai. Matar ta yi baya da kujerarta, ɗankwalinta ya faɗi, ta tashi tana tafa hannu.

"Baba, in ƙosai kake so ai sai ka yi magana! Sai ka shigo mini da mota cikin kasko?"

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi ta ba ta haƙuri ta taga. Saje ya ja motar muka wuce. Da muka iso gida, yana shigowa da ita ta ƙofa, ta sake zabura ta daki gindin rumbu. Rumbun bai faɗi ba, laka ce ta ɓare, amma shi ya gina shi da hannunsa. Ya kashe mota ya zauna a ciki, har na sauke kaya na dawo yana nan. Sannan ya fito ya rataye makulli a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗaki.

Na ce, "Saje, ko a kira bakanike ya duba?"

"A duba mi? Yaro ya gyara mota. In mota lafiyarta lau, wa ya rage?"

Na san inda hankalinsa ya tafi. Yayansa, wanda ya riƙe shi suna yara, da ƙafa ciwonsa ya fara. Yau ya yi tuntuɓe, gobe takalmi ya zame bai ji ba, daga nan ɓarin jiki ya shanye, aka yi ta juya shi a tabarma har Allah ya ɗauke shi. Saje ne yake yi masa wanka. Bai ambaci sunansa ba ko sau ɗaya a kwanakin nan, amma yana tare da mu a gidan.

Ya fara shafa man zafi a ƙwauri safe da yamma. Wani tsoho ya kawo masa saiwa ya jiƙa a kwalba. Ya daina zuwa gindin mangwaro inda suke zama da abokansa suna gardamar wanda ya fi shan wuya a bakin daga. Mutumin da ya yi shekarun golmo, noman neman aure, a gonar babana kafin a ba shi ni, yana gaban samari a kowace kunyar noma, shi ne yanzu yake dafa bango in zai tashi, ba don ya kasa ba, don tsoro. Maƙwabta suka girbe tasu dawar suka kwaso. Tamu tana can. In na ɗauko zancen sai ya ce, "Bari dai," ya juya fuska.

Na yi ta neman ɗanmu a waya, ba ta shiga. Inda aka kai su babu sabis, sai in mutum ya hau tudu. Na iya rubuta saƙo, a ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata na koya, ina rubutawa a hankali ina sharewa. Amma me zan rubuta? Ubanka ya ajiye makulli? Yaro yana riƙe da bindiga a daji, ba na so hankalinsa ya rabu biyu. Sai na rubuta gaisuwa kawai.

Wata rana da azahar, ina tsince shinkafa, waya ta yi ƙara. Shi ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya Baba da motarsa? Yanzu ai ba ya zaginta ko?" Sai na gaya masa duka, da mai ƙosai, da rumbu, da man zafi.

Ya yi salati irin na abokan aikinsa Musulmi, ya ce in ƙara murya in kai wa Baba. Na kai. Saje yana kwance a kujerar ƙarfe ya tashi zaune.

"Baba, ba ƙafarka ba ce! Wani ɗan akwati na sa, yana nan ƙasan sitiyari ta hagu, na manna shi. Tsakanin totur da ƙwaƙwalwar mota yake. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi, saƙon ƙafa yake kaiwa da sauri da kuma ƙarfi, ka taɓa kaɗan ya ce ka taka da yawa. Yana da mataki-mataki, ni kuma na bar shi a na ƙarshe, na manta ban rage ba. Ka yafe ni, Baba."

Saje ya dubi wayar, ya dube ni. "Kai, ɗan banza," ya ce. "Ka kusa sa in rubuta wasiyya." Yana faɗa yana dariya, yana share ido da bakin riga. Kafin yaron ya gama bayani sabis ya ɗauke.

A take ya aika aka kira mai gyaran wayoyin mota da ke bakin titi, wani Bakabe mai fara'a da suka daɗe suna tsokanar juna. Ya zo da la'asar sakaliya, ya leƙa, ya ce, "To, ga ɓarawon nan." Na leƙa ni ma. Ɗan abu ne, bai kai akwatin ashana biyu ba, da 'yar fitila ja da maɓallai. Duk kwanakin nan yana nan, ba wanda ya sunkuya.

"Oga Saje, wanga abu na samari na, masu son a ji su a titi. Kai da furfura mi ya kai ka?"

"Rufe mini baki. Da ina da ƙuruciya da ƙafa zan riga motar isa."

Mutumin ya ce bari ya ji ta tukuna kafin ya taɓa. Ya shiga, Saje a gefensa, ni a baya, muka zaga filin makaranta. Motar tana da zafi, da ya taka take ɗagawa. Amma ba ta fizga ba. Ya tafi da ita a hankali, ya ƙara, ya rage, ya bi ta gefen ramuka, ruwan da ke cikin gorar Saje ko motsi bai cika yi ba. Na lura da wannan. Ban san ko Saje ya lura ba, yana ta ba shi labarin mai ƙosai.

Muka tsaya, ya cire akwatin, ya mayar da waya yadda kamfani ya yi ta. Yana aiki yana magana. Ya ce masu ƙera motar da gangan suka sa mata jinkirin nan, don ba kowane motsin ƙafa ne magana ba. In mota ta faɗa rami ƙafa ta girgiza, ƙwaƙwalwar sai ta yi kamar ba ta ji ba. "Haƙuri gare ta, kamar Mama," ya ce. Suka yi dariya.

Sai Saje ya karɓi sitiyari, mai gyaran ya koma baya, na dawo gaba kusa da shi. Ya taka, ta yi jim ɗinta, ta ɗaga a hankali. Ta tafi sumul. Ya saki hannu ɗaya ya ɗaga wa wasu da ke wucewa. Fuskarsa ta dawo irin wadda na sani.

Ni kuwa idona yana ƙasa. Silifas ne a ƙafarsa, wandonsa ya ɗage, rana tana shigowa ta gefensa. Na ga ƙafar a kan totur tana rawa. Ƙanƙanuwar rawa ce, mai sauri, kamar ganye a iska mara ƙarfi. Ba ramin hanya ba ne, filin a shimfiɗe yake. Motar ba ta ji ba, ko ta ji ta share. Na ɗauke kai na dubi waje, na sake dubawa, tana nan.

Da muka dawo gida ya zubar da ruwan saiwar a gindin gwanda. Ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Ya aika wa maƙwabta cewa gobe da sassafe za a tafi yankan dawa, matan da za su taya mu su shirya, akwai wuri a baya. Ya tafi gindin mangwaro da akwatin a aljihu don ya nuna wa abokansa abin da ya kusa kwantar da shi.

Na zauna wanke-wanke hannuna yana cikin ruwa ban wanke komai ba. Yaron ya ce ba ƙafar ba ce, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, amma bai ga abin da na gani ba. Akwatin bai ƙirƙiro rawar ba, tona ta ya yi. In na yi shiru, motar za ta ci gaba da rufa masa asiri, ya yi ta murna, har ranar da ƙafar za ta nemi birki a gangaren hanyar Mahuta da mata cike a baya. In kuma na yi magana, ni ce zan mayar da shi kan kujerar ƙarfe da hannuna, a ranar da ya tashi daga kanta. Mun daɗe tare, ban taɓa ce masa ba zai iya wani abu ba. Ban ma san yadda ake fara irin wannan maganar ba.

Washegari na riga shi tashi. Na dama kunu na rufe, na yafa mayafi na tafi gidan mai gyaran wayoyi. Na same shi ya dawo daga masallaci. Na roƙe shi ya bar shago na rabin yini ya tuƙa mu. Ya dube ni, bai yi tsokana ba, ya ce, "Na gani ni ma, Mama. Bari in sa takalmi." Na biya na gaya wa matan su jira sai gobe.

Na tarar da Saje a kan benci da takalmin gona, kofin kunu a hannu, makulli a gefensa. Ya ga mutumin a bayana ya ɗaga gira. Na zauna kusa da shi, na ɗora tafin hannuna a kan gwiwarsa ta dama, na bar shi a nan. Rawar ta shigo hannuna. Na ɗauko nasa hannun na ɗora a kan nawa. Na yi masa magana da yarenmu, a hankali, don baƙon kada ya ji. Na ce asibiti za mu fara zuwa, dawa ta jira mu.

Ya daɗe yana kallon hannayenmu. Sannan ya ajiye kofin, ya tura makullin ta kan benci zuwa wurin mutumin.

"Ka bi a hankali," ya ce masa. "Tana ɗan tunani kafin ta tashi."

Na shiga ɗaki na ɗauko masa rigarsa ta fita.