Kalmar da Ban Amsa Ba

Duk lokacin da warin ganyen albasa ya shigo gidan nan da rani, sai ƙirjina ya yi nauyi. Ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Faɗa nake yi ana rubuta mini, in kun ji magana ta yanke, hawaye nake sharewa. Ku yi haƙuri da ni.

A Kalgo aka haife ni. Kakata ta wajen uwa ce ta rene ni, ita ta koya mini kaɗi da dakan fura da kunya. Ta ce mace mai mutunci ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka kawo ni aure Gwandu, na tarar uwar mijina ta fi kakata riƙo da wannan. Na haifi namiji, ana yaye shi ya koma ɗakinta. Shekara goma sha takwas muna gida ɗaya da yaron, maganarmu ba ta wuce "ga tuwo can" ba, shi ma bango nake kallo in faɗa.

Tun ba a yanke mana jiha daga Sakkwato ba ya zo rubuta jarrabawar shiga jami'a. Malaminsu ya ba shi takarda cike da manyan kalmomin Turanci, irin waɗanda ake siffanta halin mutum da su. Lokacin ana cirar albasa. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya ɗauke masa zuwa fadama, sai ya riƙa zama da hantsi a gindin dalbejiyar tsakar gida yana hadda, ni ina gefe ina kirɓa ganyen albasa ina shanyawa don miya. Ya faɗi kalma, ya faɗi fassararta, jim kaɗan ta gudu. Ya yi tsaki ya sake.

Wata rana ya faɗi wata mai tsawo, ya ce, "Wai mutumin da bakinsa ba ya hutawa." Ban san lokacin da na ce wa kazar da ke tona mini shanya ba, "Ke, wagga ai Goggon Kalgo ce." Wata goggona ce da ba ta gajiya da surutu. Ya dubi kazar. Can sai dariya ta kuɓuce masa, ya rubuta wani abu a gefen takardar.

Daga ranar muka sami hanya. Shi ya faɗa wa iska, ni in amsa wa kaza. Mai maƙo wanda ko gishiri ba ya fita hannunsa, muka ba mai shagon bakin kasuwa. Mai taurin kai da ba ya lanƙwasa, na ce, "Kaza, rufa mini asiri, maigidan nan ne, yana fadama yanzu." Mai fara'a a fuska da dafi a ciki, wannan ba zan faɗi wadda muka ba ba, 'ya'yanta na raye. Kalma in ta sami mai ita, ba ta ƙara gudu. Ni kuwa na san in ya ci jarrabawar tafiya zai yi, wannan ranin kaɗai gare ni. Sai lokacin na san ɗana na da barkwanci.

Ana jibi jarrabawa, uwar mijina ta shimfiɗa tabarmarta kusa da mu tana jan carbi. Ya juya takardar ya ce, "Saura ɗaya. Wai mutumin da ke da ƙauna a ciki, amma ba ya bari a gani." Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Wa za a ba wagga?"

Ba iska ya tambaya ba. Na ji tsohuwa ta tsayar da carbinta. Amsar tana kan harshena. Sai na ɗauki faifai na kori kazar, na ce, "Kin ishi mutane," na shige madafa.

Ya ci jarrabawar. Ya tafi karatu, daga can aiki ya yi kudu da shi. In ya zo hutu, gaisuwa ce daga bakin ƙofa kamar da. Na ce in tsohuwa ta kau zan faɗa masa. Ta kau, na ce bari ya yi aure. Ya yi aure, na ce ai akwai lokaci. Ciwon kwana uku ya ɗauke shi, shekara guda kafin mahaifinsa. Ko a zaman makoki ba a son uwa ta yi kukan ɗan fari a fili, na haɗiye. 'Ya ɗaya ya bari, ita ce ke riƙe da biron nan.

Yanzu ina jin matan zamani suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira da suna, suna rungume su a ƙofar makaranta. Tsarana na cewa kunya ta ƙare. Ni ba na sa baki. Kakata ba muguwa ba ce, abin da ta tarar shi ta ba ni. Amma yau babu mai hana ni kuka, kuma ina yi.

Ke 'yar nan, daina kallona, rubuta. Ubanki ya yi tambaya ba a ba shi amsa ba. Rubuta da manyan baƙaƙe: ni ce.