Rafin da Iya Ta So Gani

Da ana dawo da abin da ya wuce, abu ɗaya zan dawo da shi: ranar da kakata ta ce in ɗauke ta a mota, na ce mata sai an samu sarari.

Iya muke ce mata. Ita ta haifi mahaifina, kuma a gidanmu na Zuba ta tsufa, tun garin bai cika da manyan motoci da masu lemo da kankana ba. Mun san an ce Bagwariya ce, kakanmu ya auro ta daga wani ƙauye lokacin yana fataucin gishiri. Iyakar abin da muka sani ke nan, ba mu kuma nemi ƙari ba. Hausa take yi, tuwon dawa take tuƙawa, tana salla. Abu ɗaya ya bambanta ta da sauran matan gidan: ba ta taɓa naɗa gammo ba. Tulu ne ko itace, a kafaɗa take ɗora shi. Idan muka yi mata dariya sai ta ce, "Kaina na tunani ne, ba na dako ba."

Lokacin sabuwar doya, bayan an ci tuwon dare, takan ja kujerarta gaban murhu, ta tura doya guda cikin garwashi. Mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya.

"Kai maigida, yau me ranka yake so?" Ni take nufi, domin sunan mijinta aka sa mini.

"Keke."

"Ka ji miji! Bai saya mini zane ba, keke yake nema. Ke Ladi fa?"

Duk abin da muka faɗa, sai mun same shi cikin labarin. In ka ce keke, kura za ta ɓullo a kan keke. In ka ce alewa, za a yi ruwan alewa a garin sarki. Ta haka ta san mu sarai: wanda ke tsoron kare, wadda ba ta son kuka a miya, wanda ke mafarkin zama direba. Ban tuna ranar da ɗayanmu ya juya ya ce, "Iya, ke fa?" ba.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta sa abin kowa a ciki. Wata yarinya ce a wani ƙauye a gindin dutse. Bayan gidansu akwai rafi mai farin yashi, da ɗorawa a bakinsa, da kaguwa a ƙarƙashin duwatsu. Yarinyar ta girma, ta bi wani mai gishiri zuwa gari mai nisa, ta haihu, ta tsufa. Sai rafin ya riƙa zuwar mata a mafarki yana cewa, "Kin manta da ni. In babu mai zuwa ya gaishe ni, zan shige ƙasa." A nan Iya takan yi wata 'yar waƙa da harshen da ba mu ji, tana buga cinya. Tsohuwar cikin labarin ta kira ɗanta na fari, ta ce ranta ba daɗi. Ya kawo mata zane. Ta kira na biyu, ya kawo mata goro. Sai autan ya tsuguna ya ce, "Inna, me kike so?" Ta faɗa masa. Ya goya ta, suka kama hanya.

Ba mu taɓa jin ko sun isa ba. Dokar Iya ce, da zarar doya ta nuna labari ya tsaya. Takan soka tsinke, ta ce, "To, ta nuna. Masu tafiya su kwana a hanya." Ta kankare, ta raba mana farin da ke ciki, ita kuma ta ɗauki ɓawon da ya ƙone tana ci da gishiri da barkono. Muna zaton haƙuri take yi saboda mu. Mu dai doya muke jira, kuma wannan labarin bai dame mu ba, tunda babu kura a ciki.

Na girma na zama direba, kamar yadda na sha faɗa mata. Da aka fara gina Abuja na samu tifa, ina ɗebo yashi daga rafuka ina kai wa masu gini. Duk ƙarshen wata nakan je Zuba da atamfa da sukari da goro. Tana karɓa, tana sa albarka, tana turawa ƙarƙashin gado.

Wata Juma'a na faka tifar a ƙofar gida. Ta fito da sanda, ta zagaya motar, ta shafa tayar.

"Maigida, wannan abin naka tana shiga daji?"

"Ko'ina tana shiga, Iya."

"An ce za a tashi mutanen wajenmu, birni zai bi ta kansu. Ka ɗora ni a gaba, ka kai ni in wanke ƙafa, mu dawo kafin la'asar."

Na yi dariya. Na ce, "Amarya, yawon buɗe ido kike so da tsufa? Oga ba ya son a ɗauki fasinja. Ga ruwa nan a randa, in ƙafa ce."

"Ba irinsa ba ne," in ji ta.

Na ce sai an samu sarari. Na miƙa mata atamfar da na zo da ita. Ta duba ta, ta ce, "Kai ne na fari ashe." Ban tsaya tambayar me take nufi ba, saboda yaron mota yana ta danna hon.

Ba ta sake roƙona ba. Da damina ta zagayo ta rasu.

Ranar sadakar uku wata tsohuwa ta shigo da doya a kafaɗa. Ta ce tare suka yi ƙuruciya, ta kira Iya da wani suna da ban taɓa ji ba, ban kuma riƙe shi ba. Tana zaune cikin mata sai na ji ta ɗauko waƙar nan ta tatsuniya, har da buga cinya. Na matsa kusa na tambaye ta.

Ta ce, "Waƙar ɗiban ruwa ce. A rafinmu muke yin ta, gindin ɗorawa. Kakarka ce gwanar kama kaguwa. Kuma kullum faɗanmu a kan ɓawon doya ne, ba ta barin wa kowa."

Na ce, "Ina rafin yake?"

Ta kwatanta da dutse da bishiyoyi, amma ta ce katafila ta riga ta bi wajen, su ma an mayar da su wani wuri. Na yi niyyar in neme ta daga baya ta nuna mini. Wannan ma na bar shi sai an samu sarari.

Yanzu ina zaune a Apo, kusa da garejin da ɗana yake gyaran mota. Idan ya ɗauke ni muka shiga gari, nakan duba duk kwalbatin da muka haye. Ƙarƙashin wasu akwai ɗan ruwa yana bi, baƙi, da leda a kai. Ban san wanne ne rafin Iya ba. Mai yiwuwa ma na taɓa ɗibar yashinsa da hannuna.

Kwanan baya jikata Husna ta zo da waya, ta ce wani wasa suke yi da ƙawayenta.

"Tsoho, zauna. Me ka fi so a abinci? Wane wuri kake son gani kafin ka mutu?"

"Ke za ki riga ni, mummunar amarya."

"Ni dai ka amsa."

Na ce gasasshiyar doya, wajen da ya ƙone. Ta yamutsa fuska ta rubuta. Tambaya ta biyu kuwa na ce ta bar wajen babu komai, domin ban san sunan wurin ba.

Iya ta yi shekara da shekaru tana faɗa mana abin da take so, da ƙauyen da ta fito, da inda take son komawa. Ba ta ɓoye komai ba. Mu ne muke kallon garwashi.

Wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ina roƙonsa kada ya yi irin tawa. Kafin ka shiga kasuwa neman atamfa, ka tsuguna ka tambaya tukuna. In an faɗa maka wuri, ka tayar da mota a ranar.