Imel Ɗin Micah Mai Waya

Duk wanda ya taɓa sayen babbar waya a Birnin Gwari ya san rumfar Micah, ga ta nan bayan tasha, tsakanin mai faci da mai rake. A garin aka haife shi. Mahaifinsa malamin firamare ne da ya taso daga kudancin Kaduna da niyyar yin shekara biyu, sai ya yi arba'in, a nan aka binne shi. Micah bai gaji alli ba. Tun yana sakandare yake kwance rediyon mutane yana ɗaurewa, wani lokaci a bar shi da ragowar kusoshi a tafin hannu, har ya je Kaduna ya koyo gyaran waya, ya dawo da 'yan sukundireba da baki.

Bakin ya fi sukundireban aiki. Micah mutum ne mai kafiya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙaramar waya mai maɓalli, wadda ake ce wa rakani-kashi, ba ya lissafa ta cikin wayoyi. Aifon kuwa cewa yake yi wayar masu girman kai ce, ba ta gaisawa da maƙwabta. Shi Andiroyid ya sani. Ko burauzar shiga intanet yana da gwanarsa, wadda ba ta mantuwa: ka buga harafi ɗaya ta ƙarasa maka, ka shiga wuri sau ɗaya ta riƙe maka lambar sirri. In ka ce wata kake so zai saka maka, amma sai ka sha wa'azi tukuna.

Akwai wani alheri da yake yi, kuma da zuciya ɗaya yake yin sa. Sabuwar waya ba ta sakin jiki sai an sa mata imel, alhali masu zuwa wurinsa yawanci manoma ne daga Damari da Tabanni da Kuyello, ba su da imel, in an buɗe musu ma kafin su kai gida sun manta lambar sirrin. Sai Micah ya huta da wahala, ya riƙa sa nasa a kowace waya. Abin da ya biyo baya shi ne duk lambar da mutum ɗaya ya ajiye sai ta ɓullo a wayar kowa, da sunan da ya ba ta. Mutane suka ji daɗi. Kana neman mai tarakta, ko ungozoma, ko mai allurar shanu, duba wayarka kawai, wani ya riga ya ajiye maka. Har dariya ake yi idan aka ga yadda wani ya rubuta sunan surukarsa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, Malam Edward na makarantar sakandare. Ya ce a buɗe masa nasa imel, a sa masa burauzar da take goge sawunta in an rufe ta.

"Malam, me kake ɓoyewa haka?" in ji Micah. "Ko Madam ba ta san inda kake shiga ba?"

"Ba na ɓoye komai," in ji Malam Edward. "Amma ɗakina ma ƙofa gare shi."

Micah ya yi shekaru yana ba da wannan labari ana shewa.

Sannan daji ya lalace. Hanyar da ake bi ana gyangyaɗi a mota ta zama sai da addu'a da rakiyar sojoji. Gonakin nesa suka koma ciyawa. Mutane suka koyi barin babbar waya a gida su ɗauki rakani-kashi in za su yi tafiya, domin 'yan bindiga in sun tare mutum wayarsa suke fara karanta. Micah ya ga haka, ya ji haushin ciniki ya ragu, amma ko sau ɗaya tunaninsa bai kai kan imel ɗin nan ba. Wannan ne abin da har yau ya kasa yafe wa kansa.

Wata Laraba da hantsi, bayan damina ta ɗauke, Malam Nababa mai sayar da taki ya zo rumfar yana dogara sanda. Sati biyar ya yi a daji, an ɗauke shi a hanyar Tabanni da wayar da Micah ya haɗa masa a aljihu. Micah ya miƙe ya ba shi benci.

"Sannu, Baba. Allah ya kiyaye gaba."

"Amin, ɗana. Waya nake so, amma ƙarama. Babbar nan ita ta jawo mini wannan ƙafa." Ya numfasa. "Zaunar da ni suka yi suna karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya. Suka zo kan wani, wai Noah Kuyello Mai Ba Mu Rahoto. Suka ce wa yake ba rahoto? Na ce wallahi ban san shi ba. Suka ce ƙarya nake, ga shi a wayata. Kwana biyu suna dukana a kan mutumin da ban taɓa gani ba."

Micah ya gane sunan nan take. Noah mijin yayarsa ne, manomin masara a Kuyello, mutum mai shiru-shiru da ko a coci bayan kowa yake zama. Micah ya jawo tasa wayar ya duba. Sunan na nan. Ya san mai rubuta shi ma, domin babu mai cewa "mai ba mu" sai Martins, shugaban 'yan sa-kai na yankin, wanda shi Micah ya haɗa wa waya da hannunsa bara.

Ya goge sunan, ya canza lambar sirri, ya kuma san aikin banza yake yi, an riga an karanta. Ya kira Noah, ba sabis a Kuyello. Ya bar rumfa a buɗe ya hau babur. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba, ba na hanyar ba, na abin da zai tarar.

Ya tarar da Noah da ransa, zaune a tsakar gida yana ɓare masara shi kaɗai. Micah ya kusa faɗuwa don daɗi.

"Yaya, ina mutanen gidan?"

"Na tura yayarka da yara Kaduna shekaranjiya," in ji Noah, bai ɗago ba. "Mutanen daji sun aiko mata masu itace su gaya mini suna gaishe da mai rahoto. Ni ma ina kwashe masarar nan zan bi su."

"Yaya, akwai maganar da..."

"Bari kawai, na gano wanda ya sayar da ni." Noah ya nuna katangar da ta raba gidansa da na maƙwabci. "Munzali. Shekara ashirin muna aron fartanyar juna, da Kirsimeti ya ci namu, da Sallah mu ci nasu. Shi kaɗai ya taɓa ganina a kan dutse, inda ake samun sabis, ina waya da Martins. Na kai sunansa wurin Martins, jiya da azahar suka zo suka tafi da shi."

Sai a lokacin Micah ya lura da kukan mace da ke fitowa ta bayan katangar, ƙasa-ƙasa, irin na wadda ta gaji. Ya ji kamar ya hau babur ɗinsa ya koma, babu wanda zai taɓa sani. Ya tsuguna dai, ya faɗi komai: imel ɗin, da wayar Nababa, da sunan da Martins ya rubuta. Noah bai gane yadda lamba take tashi daga waya ta faɗa wata ba, sai da aka maimaita masa sau biyu. Da ya gane, bai yi zagi ba. Ya ajiye masarar, ya sa takalminsa.

"Tashi ka kai ni."

Sun sami Martins a sansanin 'yan sa-kai da ke bakin gari, zaune gindin ɗorawa da bindiga a cinya. Micah ya sake faɗin abin daga farko. Martins ya ciro wayarsa ya daɗe yana kallonta. Ɗaya daga mutanensa ya juya ya shige bayan bukka.

"Ina yake?" in ji Noah. "Ku ba ni shi in mayar wa matarsa."

"Ya ƙi amsa laifi," in ji Martins, idonsa a ƙasa. "Yara suka yi ta matsa masa. Bai kai asuba ba. Ban aika gidansa ba tukuna."

Micah ya tayar da babur ya ce, "Yaya, hau mu je," amma Noah ko kallonsa bai yi ba. Da ƙafa ya kama hanyar gari, Micah na tura babur a bayansa. Noah ya wuce ƙofar gidansa, ya tsaya a ta Munzali, ya cire takalmi, ya yi sallama. Daga ciki matar ta amsa da sauri, tana tambaya ko sun taho da shi.